Ranar da Aka Ce Inna Ta Tsallake Jariri

Inna ungozoma ce. A unguwarmu da ke gefen Likoro da wuya ka nuna gidan da ba ta yanke cibiya a cikinsa ba. Idan mace ta sauka, ita ke ɗora tukunyar wanka, ta jefa ganyen runhu, ta tsaya a kan maijego har ruwan zafi ya ratsa ta, sannan ta miƙe ƙafafu ta ɗora jariri ta wanke shi tas, ta hure masa kunne, ta tsotse masa hanci. Ni ce autarta. Gidan aurena katanga ɗaya ne da gidanmu, don haka da Baba ya rasu, yayana kuma yana can Kudu wajen neman abinci, sai aka huda katangar aka yi ƙofa, kula da Inna ya dawo hannuna.

Ni kuwa tun ina budurwa littattafan soyayya suka raine ni. Duk ranar kasuwar Makarfi sai na ba da sautu an karɓo mini haya, in ɓoye a ƙarƙashin katifa, in karanta har in manta da tuwo a kan wuta. Saboda haka da Inna ta fara zama a bakin ƙofa tana kallon hanyar fadama, inda Baba ke ɓullowa daga gonar rake da yamma, sai zuciyata ta ce mini bege ne. Na riƙa kallonta ina jin daɗi da tausayi a haɗe, ina cewa ashe soyayyar da ake rubutawa tana nan a gidanmu, sanye da tsohon zanen atamfa. Sai ranar da na tarar da takalminta a cikin tukunyar miya. Bayan nan ta fara sallar azahar ta idar ta sake tayarwa. Wata safiya ta dube ni da fara'a irin ta baƙunta, ta ce, "Yarinya, ke 'yar wane gida ce?"

Malamar ƙaramin asibitinmu ce ta raɗa wa abin suna. Gajeriyar mace ce daga wajajen Ikara, mai dariya kamar ana ɓare gyaɗa. Ta ce ciwon mantuwa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda ido ke yin yana, ba aljanu ba ne, ba sammu ba. Ta ce ba ta da allurar da za ta dawo mini da Inna ta da.

"To me ya rage, Malama?" na ce.

"Abu biyu. Mu tsare waɗanda bai kama ba tukuna, mu kuma sa kowa ya san wadda ya kama. Ke kaɗai ba za ki iya gadin tsohuwar da ta fi ki sanin lungunan garin nan ba. Wannan ciwo ba a jinyarsa da gida ɗaya."

Da gaske take. Ta je wajen liman, ya yi magana bayan Juma'a. Ta shiga Islamiyyar matan aure. Ranar kasuwa takan kafa benci a gindin mangwaro da na'urar awon jini, duk wanda furfura ta fara leƙo masa sai ta kama hannunsa. Tana ɗaurawa tana faɗa: hawan jini da ciwon suga da aka ƙyale su ne ke share wa mantuwa hanya, a rage gishiri, a rage kanwa, a fitar da murhu daga cikin ɗaki, wanda kunnensa ya yi nauyi ya je a duba, kada a bar tsoho shi kaɗai yana hira da bango.

"Ni jinina lafiya lau," in ji wani dattijo mai sayar da mazarƙwaila. "Hawan jinina yana gida yana daka."

"To gobe ka turo mini ita, in ji nata bayanin a kanka," in ji Malama. Aka kwashe da dariya, ya miƙa hannu.

A hankali unguwa ta koyi Inna. Idan ta fita, mai shayi ya zaunar da ita ya aiko a kira ni. 'Yan acaba su ɗauko ta a hankali kamar ƙwai, tana yi musu faɗa a kan gudu. Mun gane cewa ba hanyar Baba take bi ba. Hayaƙi take bi. Duk inda ta hango hayaƙin itacen jego, ko iska ta kawo mata ƙamshin dafaffen runhu, can ƙafarta za ta nufa, domin a ranta aiki ne ke kiranta. Matan unguwa suka saba. In an haihu sai su shimfiɗa mata tabarma, su ɗora mata jariri a cinya, wata ta zauna kusa. Ta manta sunana, amma hannunta bai manta yadda ake tallafe kan jariri ba.

Akwai rafi a bayan gonakinmu, hayinsa kuma akwai wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba. Kasuwarsu daban, masallacin Juma'arsu daban. Duk daminar nan rafin a cike yake, Malama ba ta samu ta haye ba. Ban taɓa kawo wannan a raina ba sai ranar da abin ya faru.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi ta rufe hanyoyi. Na idar da azahar na leƙa ta ƙofar katanga, sai tabarma da carbi. Na fita na tambayi mai shayi, bai gan ta ba. Na shiga gidaje, babu wanda ya gan ta, ba a kuma haihu a unguwa ba a 'yan kwanakin. Ina tsaye a bakin hanya sai ga wani ɗan acaba na unguwarmu ya taho a guje, ƙafar wandonsa jiƙe da laka.

"Hau," ya ce. "Inna tana hayi. Sun rutsa ta."

"Sun rutsa ta kamar yaya?"

"Ki hau dai. Na kai fasinja na tarar. Cewa suke mayya ce."

Ban san lokacin da na hau ba. A kan mashin na kira maigidana, yana wajen lodin tumatir a bakin titi. Na gaya masa cikin kuka. Ya ce, "To." Ya kashe waya. Haka yake. Mazan cikin littattafaina sukan ce wa matansu hasken idaniyata, nawa in ya shigo gida iyakarsa, "An gama abinci?" Tsakaninsa da Inna kuwa kunyar surukuta ce irin ta mutanen da. Daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, bai taɓa cin ko goro a gabanta ba, in ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin gona.

Rafin ya janye zuwa gwiwa, ta nan Inna ta haye. Tun daga nesa na hango hayaƙin da ya jawo ta, yana tashi a tsakiyar wani gida mai dangar kara. Na kutsa cikin mutane. Tana zaune a ƙasa gindin rumbu, ɗankwalinta ya faɗi, furfurarta a waje, takalmi ƙafa ɗaya. Matar da ko ni ban cika ganin kanta a buɗe ba. Tana kallon fuskokin da suka kewaye ta tana murmushi, irin na wanda ya zo biki ya rasa wanda ya gayyace shi.

Na tuɓe mayafina na rufa mata. Wata tsohuwa doguwa mai tsagar goshi ta matso. Ita ce kakar jaririn, uwar maigidan.

"Ke ce tata?"

"Ina wuni, Iya. Uwata ce."

"Babu wuni tsakanina da ke. Ki tambaye ta abin da ya kawo ta ɗakin jikana."

Daga bakinta da bakin sauran mata na haɗa labarin. Maijego ta zaga wanka, kakar tana kwasar ruwa a tukunya. Da kakar ta dawo ɗaki sai ta tarar da baƙuwar tsohuwa, wadda ba wanda ya ji sallamarta, zaune a kan gado, ta tuɓe jariri tsirara, ta kafa bakinta a kan hancinsa. An tambaye ta daga ina, ta kasa faɗa. An tambaye ta wa ta sani a garin, ta lissafo mutanen da suka daɗe a kabari. Ga shi yanzu jikin yaron ya yi zafi rau, ya ƙi kama nono.

"Iya, ungozoma ce," na ce. "Hancinsa take tsotse masa, haka take yi wa kowane jariri. Ba ta da lafiya. Ciwon mantuwa take yi, ku tambayi kowa a hayinmu."

"Mantuwa? Ta manta hanyar gidanta, amma ba ta manta hanyar ɗakin da ke da ɗanyen jini ba?"

Mata suka ce, "Ato." Wata budurwa ta tofar da yawu ta gefe, ta ce, "Kurwata kur." Uban jaririn yana tsaye a ƙofar ɗaki da ƙotar fartanya a hannu, idanunsa jajur. Ɗansa na fari ne. Samari sun cika bakin danga, ina jin ƙus-ƙus ɗinsu kamar zuma ta tashi. Na tambayi mai unguwa, aka ce yana gona mai nisa, an tura a kira shi.

"Abu ɗaya muke so," in ji kakar. "Ta tsallake shi ta sakar masa kurwa, ki kwashe ta ku tafi. Ba mu taɓa ta ba tukuna."

Na san al'adar, kowa ya sani. Wanda ake zargi da maita ana kwantar masa da marar lafiya ya tsallake, wai ta haka yake sakin abin da ya kama. Na kuma san abin da ke biye. Wadda ta tsallake ta amsa laifi ke nan a gaban shaidu. Maita kuwa cewa ake a nono ake shan ta. In Inna ta ɗaga ƙafa ta tsallake yaron nan, ni da na sha nononta na zama mayya, 'yata da ta sha nawa ita ma haka. Ba mai sake cin tuwon gidanmu, ba mai sake ɗora wa Inna jariri a cinya, ba mai zuwa neman auren 'yata in ta girma. Shekarun da ta yi tana durƙuso a ɗakunan haihuwa za a sake lissafa su, duk jaririn da bai yi rai ba a ce ita ce.

"Iya, ki dubi girman Allah," na ce. "In ta tsallake, kun gama da mu."

"In ba mayya ba ce, me tsallakewa za ta rage ta da shi? Jikana ne ke mutuwa, ke kina ta suna."

Wani hoge ya taso daga bayan danga ya fashe a jikin rumbu, ƙasa ta zubo wa Inna a ka. Ta ɗaga ido ta ce, "Yaran nan ba su da ta ido." Na dubi ƙotar da ke hannun uban yaron, na dubi siraran ƙafafun Inna. Suna dai ana iya rayuwa da ɓataccensa, in ji zuciyata, amma tsohuwar nan duka ɗaya ya ishe ta.

"Ku kawo shi," na ce.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da jaririn a kai. Ɗan mitsitsi, ko suna ba a yi ba, kukansa ma ba ya fita sosai. Maijego ta biyo shi har ƙofar ɗaki, aka tare ta. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar itace a murhu. Na kama Inna na tayar da ita, na jawo ta a hankali.

"Inna, zo mu wuce ta nan. Ɗaga ƙafarki, ki taka can."

Ta biyo ni kamar yarinya har bakin tabarmar. Sai ta dubi ƙasa. Na ji hannunta ya sandare a cikin nawa. Ta fizge, ta kai mini duka a dantse, da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Ke 'yar gidan uban waye? Wa ya raine ki? Ba a tsallake yaro! So kike ya tsumbure?"

"Inna, don Allah."

"Allah ya tsare ƙafata. Wace shashashar ce ma ta ajiye ɗan mutane a ƙasa rana na dukansa? Ina uwarsa?"

Ta sunkuya za ta ɗauke shi. Mata suka kwarma ihu, kakar ta yi wuf ta suri jaririn ta ja da baya.

"Kun gani! Ta ƙi saki!"

Danga ta fara ƙara, samari na turowa. Uban yaron ya sauko daga dokin ƙofa. Na rungume Inna ta baya na kare ta da jikina, na runtse ido ina jiran inda ƙotar za ta sauka. Ita kuwa tana ta mita a kunnena a kan matan zamani da ba su san darajar jego ba.

Sallama na ji, da ƙarfi, irin wadda dole a amsa. Wasu suka amsa ba da son ransu ba. Maigidana ne, rigarsa duk ruwan tumatir. Bai dubi kowa ba. Ya tuɓe takalmansa kamar yadda ya saba, nesa da Inna, ya ɗan yi jim. Sannan ya tako, ya ci gaba da takowa, har ya zo ya kama hannunta ya zaunar da ita, shi ma ya zauna a ƙasa daf da ita, kafaɗarsa na gogar tata.

"A taimaka mana da ruwa," ya ce.

Ba wanda ya motsa. Ya miƙa hannu ga randar da ke gindin rumbu ya ɗebo da moɗa, ya kai bakin Inna. Ta sha, ta sha, ashe ƙishi take ji tun ɗazu ba wanda ya lura, har da ni. Ta bar saura. Ya juya moɗar daidai inda bakinta ya taɓa, ya shanye, ya kife.

Wata mata ta ce, "La ilaha illallahu." Ko yaro ya san ba a shan ragowar mayya.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Wannan kuma wane marar kunya ne yake shigar mini jiki?"

"Ni ne, Inna," ya ce, kansa a sunkuye, kunnuwansa kamar za su yi jini. Sannan ya ɗaga kai ya dubi uban jaririn. "Malam, surukata ce. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta yanke wa 'yata. Ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu da tsufa. Ɗanka zazzaɓi yake yi, asibiti yake so. Ga makullin mashin ɗina, da mai a ciki. Ka ɗauki iyalinka ku tafi Makarfi. Ni da ita muna nan zaune, ba inda za mu. In ka dawo ka ga akwai abin da za ka yi mana, ka same mu."

Ya ajiye makullin a kan tabarmar da aka ɗauke jaririn daga kai. Tun da na aure shi ban taɓa jin ya jera magana mai tsawon wannan ba.

"Ba inda za a kai shi," in ji kakar. "Allura ba ta dawo da kurwa. Maijego ma ko bakwai ba ta yi ba, ina za ta fita?"

Sai ga muryar da ba a ji ba tun da na zo. Maijegon ce, yarinya ƙarama, fuskarta a kumbure da kuka, ta ture matar da ta tare ta.

"Tun jiya jikinsa da zafi, Iya. Na gaya miki da safe cibiyarsa na wari, kika ce a ƙara gasawa. Tun kafin tsohuwar nan ta shigo ya ƙi nono." Ta juya ga mijinta, ba ta ko sunkuyar da kai ba. "In ba za ka kai mu ba, zan tafi da ƙafa."

Ta karɓe ɗanta daga hannun surukarta, ta ja zane ta rufe shi. Mijin ya tsaya yana duban uwarsa, yana duban matarsa. Ya jingine ƙotar a bango, ya sunkuya ya ɗauki makullin.

Tafiyarsu ba ta sallame mu ba. Muka zauna a gindin rumbun nan, mutane sun ja baya amma ba su watse ba. Kakar ta ɗauko kujera 'yar tsugune ta zauna tana fuskantarmu. Duk mashin ɗin da ya wuce a hanya sai in ce ga shi an dawo da gawa. Inna kuwa bini-bini sai ta taɓa ni ta ce, "An ɗora ruwan wankan yamma?" In ce an ɗora. Can ta sake tambaya. Maigidana ya yi la'asar a wurin, a kan buhu. Sai da rana ta yi ja mai unguwa ya iso da fartanya a kafaɗa, ya saurari kowa, ya kira uban yaron a waya. An ba su gado, an sa wa yaron ruwa da allura, likita ya ce cibiyar ce ta kamu. Mai unguwa ya ce mu tafi, in da magana shi zai neme mu.

Maigidana ya goya Inna a bayansa ya haye rafi da ita, tana zaginsa. Ina biye da takalminta ƙafa ɗaya a hannu, zuciyata cike da kalmomi masu daɗi da na haddace tun ina budurwa, ina neman wadda ta dace da shi. Da muka hau tudu na buɗe baki, sai ya riga ni.

"Kin bar akuya a sake, ko?"

Na ce na bar ta a sake.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ranar kanta nauyi. Labari ya riga mu isa gida. Mafi yawan unguwa sun zo jaje, liman da kansa ya zo ya zauna da Inna. Amma 'yata ta dawo daga Islamiyya tana tambayata me ake nufi da kurwata kur, wai wata ce ta faɗa mata. Aka haihu a wani gida na bayan masallaci, ba a aiko a ɗauki Inna ba, ni ma na kulle ƙofa na ƙi bari ta ga hayaƙin. Kullum ina sallah ina roƙa wa ɗan mutanen da ban san sunansa ba rai, rabi don shi, rabi don mu.

Ya rayu. Aka sallamo su, aka yi suna a makare. Uban ya dawo da mashin da kansa, ya cika tanki, ya gode wa maigidana a zaure, amma bai nemi ganin Inna ba. Daga hayi kuma sai muka ji wasu na cewa ai a ɓoye ta sake shi, da ta ga an tsananta.

Malama ta zo gidanmu da jakarta. Ta duba Inna, sannan ta zauna.

"Na yi ta murna unguwa ta waye," ta ce. "Ashe aikina a bakin rafi ya tsaya, ita kuwa tsohuwa ba ta san iyakar unguwa ba. Na yi magana da mai unguwarsu. Jibi zan haye, ke za ki raka ni."

"Ni? Malama, ko inuwata ba sa so."

"Shi ya sa. Ni zan duba awo, ke za ki ɗaura musu a hannu."

Na ƙi, na kwana ina ƙi, ranar kuma na yafa mayafi na bi ta.

A gindin wata tsamiya aka ajiye mana benci. Mai unguwa ya tara mutane, Malama ta yi bayaninta na gishiri da hawan jini da tsofaffin da ke ɓata hanya, ta ce duk wanda ya ga baƙon tsoho yana ɗimuwa ya fara ba shi ruwa, sannan ya nemi danginsa. Maza suka miƙa mata hannu suna wasa da dariya. Da aka zo kan mata sai ta miƙo mini abin ɗaurawar, ta ce, "Bismillah, wa za ta fara?"

Ba wadda ta taso. Wata ta janye ɗanta ta mayar da shi bayanta. Wata ta tuna ta bar wake a wuta. Na tsaya riƙe da abin nan a hannu, ina jin idanu a kan yatsuna, ina jin da ƙasa za ta tsage da na shige. Malama ta yi kamar tana gyara jaka, ta ƙi karɓa daga hannuna.

Daga can baya doguwar tsohuwar nan ta taso, kakar jaririn. Ta ratso mata, ta zauna a kan benci da ƙarfi, ba ta dube ni ba. Ta naɗe hannun rigarta ta miƙo mini dantse.

"Yi maza, ina da aiki."

Na ɗaura mata. Na'urar ta fara matsewa. Ta kafa ido a kan tsamiya, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Ita taku, da me ta fara?"

"Da ajiye abu inda ba wurinsa ba, Iya. Da maimaita sallah."

Sai ta ce, "Shekaranjiya na zuba wa miya gishiri, na dawo na sake zubawa. Na kuma tsaya a tsakar gida da tsintsiya na rasa me na fito yi."

"Kowa na yin haka wani lokaci," na ce.

"Ban tambaye ki kowa ba."

Malama ta duba, ta ce jininta ya hau sosai, amma akwai magani, ta zo asibiti ranar kasuwa a fara ba ta. Tsohuwar ta gyaɗa kai. Na kwance mata, ba ta janye hannun nan da nan ba. Ta juya ta dubi matan da ke tsaitsaye.

"Ku kuma me kuke jira? Ga shi ta taɓa ni, kun ga na faɗi?"

Maijego ce ta fara tasowa, da ɗanta a goye. Wasu suka biyo ta suna tura juna. Wasu kuwa har muka naɗe kayanmu suna tsaye daga nesa, hannuwansu a cikin mayafi.